Shin Toyota za ta daina ƙera Sienna ta koma jif zalla?

Tambaya: Ina da Sienna biyu da ke jigilar fasinja tsakanin Kano da Abuja, ɗaya 'yar 2008, ɗaya 'yar 2012. Ana ta faɗi a tasha cewa Toyota za ta daina Sienna ta koma ƙera irin su Highlander da RAV4 kaɗai, wasu kuma suna cewa duka masu lantarki za su koma. Mene ne gaskiyar magana, kuma wacce zan sa a gaba idan na tashi canji?

Amsa: Alhaji, babu wata alama da ke nuna Sienna za ta shuɗe. Abin da ya tafi shi ne injin V6 da ka saba da shi, kuma tun 2020 aka yi bankwana da shi a cikin Sienna. Daga ƙirar 2021 zuwa sama, kowace Sienna haibirid ce: injin fetur mai silinda huɗu, lita 2.5, haɗe da injinan lantarki da batir, ƙarfinsu gaba ɗaya doki 245. Wannan canjin ne zai shafi aljihunka, ba ɓacewar suna ba.

Jita-jitar dai ba daga sama ta faɗo ba. A shekarar 2000 an sayar da irin waɗannan ƙananan bas na iyali sama da miliyan 1.3 a Amurka. A 'yan shekarun nan abin ya faɗi zuwa wajen 300,000 a shekara, saboda iyalai sun koma jif mai kujeru layi uku. Ford da General Motors sun fita daga kasuwar tun kafin 2010, Nissan ta ajiye Quest, Dodge Grand Caravan ta ƙare a 2020. A Turai ma haka: Volkswagen ta daina Sharan a 2022, Ford ta daina Galaxy a 2023. Duk wanda ya san yadda Sharan ta riƙe hanyoyin Arewa, ya ji an daina ta, dole ya yi zaton Sienna ce ta gaba.

Sai dai lissafin Toyota daban ne. Da masu gasa suka watse, 'yan kaɗan suka rage suna raba kasuwar Amurka: Sienna, Honda Odyssey, Chrysler Pacifica da Kia Carnival. Kasuwa ƙarama mai mutum huɗu ta fi babba mai mutum goma sha biyar riba. Na biyu, Sienna ba ta da tsadar ƙira kamar da, domin ba ita kaɗai ke ɗaukar nauyin kanta ba. Ƙashin da aka ɗora ta a kai, wanda kamfanin ke kira TNGA-K, shi ne na Camry da RAV4 da Highlander da Lexus RX, injin ma kusan ɗaya ne. A masana'antar Princeton da ke jihar Indiana ake haɗa ta, wuri ɗaya da Grand Highlander. Tunda a cikin Amurka ake yin ta, harajin kashi 25 da aka ɗora wa motocin waje a 2025 bai doke ta kamar yadda ya doki waɗanda ake shigo da su ba. Ƙari a kan haka, tun 2021 ana ƙera ta a China, kuma tana da 'yar uwa a can mai suna Granvia. Motar da aka fara ƙerawa a wata nahiya ba ita ake shirin binnewa ba.

Maganar yaushe sabuwa za ta fito, tarihin motar ne kawai abin dubawa, domin kamfanin ba ya buɗe baki sai lokaci ya matso. Ƙirar farko ta zo a 1998, ta biyu a 2004, ta uku a 2011, ta huɗu a 2021. Tazarar shekara shida ce, sai bakwai, sai goma. An yi wa ta huɗun ɗan gyaran fuska a 2025, aka sake allon gaba, aka sa na'urar da ke gane an manta yaro a kujerar baya, manyan samfurin kuma aka ba su ɗan firji da injin shara. Toyota ba ta kashe kuɗi a irin wannan kwaskwarima sai tana son motar ta ƙara shekara biyu ko uku a kasuwa. Hasashena, ƙira ta biyar tsakanin 2028 da 2030.

Abin da zai kasance a cikinta ya fi lokacin sauƙin hange, saboda Toyota tana bin layi ne. Tsarin haibirid ƙarni na biyar ya shiga Prius 2023, ya shiga Camry 2025, ya shiga RAV4 2026, kuma Camry da RAV4 duka an cire musu injin fetur zalla a Amurka. Sienna har yanzu tana kan ƙarni na huɗu da batirin nikel. Ta gaba kusan tabbas za ta karɓi sabon tsarin da batirin litiyam, musamman tunda kamfanin ya zuba dala biliyan 13.9 a masana'antar batir da ke Liberty a jihar North Carolina, kuma dole a sami motocin da za su cinye abin da take fitarwa. V6 kam ba zai dawo ba. An cire shi daga Highlander a 2023, daga Tacoma a 2024, daga Camry a 2025. Idan ana son Sienna mai ƙarfi, akwai injin turbo mai lita 2.4 haɗe da lantarki da ke cikin Grand Highlander, doki 362, amma yana shan mai sosai fiye da ɗan lita 2.5, kuma mai sayen Sienna saboda tattalin mai yake zuwa. In ma an sa shi, a samfurin ƙoli kawai za a gan shi.

Wadda ake caji da soket kuma tana da injin fetur, wato irin da RAV4 ke da ita, ita ce mutane suka fi yi wa Sienna fata. Abu ne mai yiwuwa, don an riga an yi wa Alphard haka a Japan, amma akwai matsalar wuri. Batirin Sienna na yanzu ƙarami ne, kilowat-awa 1.9, shi ya sa ya ɓuya a ƙarƙashin kujerun gaba. Na mai caji ya kai ninki goma na wannan. Ƙasan Sienna kuwa a cike yake: baya akwai ramin da kujerun layi na uku ke naɗewa ciki, tsakiya ga tankin mai da dogon layin da kujerun tsakiya ke zamewa a kai, ga kuma ƙasa da aka yi ta kusa da titi don tsoho da yaro su hau ba wahala. Chrysler ta gwada a Pacifica, kuma farashin da ta biya shi ne kujerun tsakiya sun daina nutsewa cikin ƙasa, batir ya cinye raminsu. Sai an sake zana ƙasan motar daga tushe kafin a sami Sienna mai caji, don haka ba za a gan ta a wannan ƙirar ba. Mai lantarki zalla kuwa ta fi nisa. Rangwamen harajin dala 7,500 da gwamnatin Amurka ke ba masu sayen motar lantarki ya ƙare a ƙarshen Satumba 2025, kuma iyali mai 'ya'ya biyar da ke doguwar tafiya shi ne na ƙarshe da zai yarda ya tsaya caji a hanya.

A ɓangaren jif ɗin ne ake ta sauye-sauye. Venza, wadda ta yi farin jini a nan, an dawo da ita a 2021 a matsayin haibirid, aka sake ajiye ta bayan 2024, Crown Signia ta hau gurbinta. C-HR ta dawo Amurka da lantarki zalla. Wadda ke cikin matsi ita ce Highlander. Tun da Grand Highlander ta fito a 2024 da layi na uku da babba zai iya zama, ta janye masu iyali, RAV4 kuma ta girma ta janye na ƙasa. Toyota ta sanar tun 2023 cewa za ta ƙera jif mai layi uku ta lantarki zalla a masana'antarta ta Kentucky, kuma sunan da ya fi dacewa a ɗora mata shi ne na motar da ta rasa gurbi, wato Highlander. Ta nan ne maganar "duka masu lantarki za su koma" ta samo rabin gaskiyarta. Tsarin da nake hange shi ne Corolla Cross a ƙasa, RAV4 a tsakiya, Grand Highlander da Sienna a sama suna raba masu iyali, dukansu haibirid, sai layin masu lantarki a gefe don jihohi da ƙasashen da dokarsu ta matsa.

Ko da jif ɗin sun cika kasuwa, ba za su yi maka aikin Sienna ba, kuma awo ne ya nuna haka. Wurin miƙe ƙafa a layi na uku na Sienna 2021 ya kai santimita 98. Na Grand Highlander 85, na Highlander wajen 70, wanda na yara ne. Bayan layi na uku, Sienna tana da wurin kaya kusan lita 950, Grand Highlander wajen 580, Highlander wajen 450. Fasinjan Abuja mai akwati da jaka ba zai shiga Highlander ya sake dawowa wurinka ba. Inda jif ta fi ta shi ne tsayi daga ƙasa: Highlander santimita 20, Sienna 16. Idan ta cika da mutane da kaya, wannan 16 ɗin raguwa take yi.

Yanzu ga inda maganar ta dawo gida. Mu ba sabuwa muke saye ba, sai ta yi shekara takwas, goma, a hannun Ba'amurke ko ta bi ta gwanjo. Sienna ta 2029 ba za ta zama motar tasha ba sai wajen ƙarshen shekarun 2030. Wadda ke tafe gare ka ita ce 'yar 2021, kuma an riga an san komai nata.

Fara da mai. A awon hukumar muhalli ta Amurka, 'yar 2020 mai V6 tana shan wajen lita 12.4 a kilomita 100 cikin gari, lita 9 a babbar hanya. 'Yar 2021 tana shan 6.5 a duka biyun. Kano zuwa Abuja wajen kilomita 430 ne, ke nan a takarda lita 39 da lita 28, ragin lita 11 a kowane zuwa. Amma ka lura inda ribar ta fi yawa: cikin gari ne, inda ake taka birki ana tashi, batir yana karɓar caji daga birki, inji yana mutuwa a go-sulo. A kan buɗaɗɗiyar hanya, da gudun 130, da mutum takwas, da na'urar sanyi a buɗe, batir ba ya da abin da zai taimaka da shi sosai, ƙaramin injin ne ke ɗauke da komai yana kuka. Za ka ga ragi, amma kada ka gina lissafin biyan bashi a kan lita 11. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 ko lita bakwai a kowane zuwa kuɗi ne, sai dai a auna shi da bambancin farashin motocin biyu.

Ta fuskar gyara, akwai abubuwan da suka ragu. Babu kik, babu altaneta, babu fanbel, famfon ruwa na lantarki ne. Giyarta ba ta da kuloci ko bel a ciki, haƙoran ƙarfe ne da injinan lantarki biyu, kuma tana cikin giyoyin da suka fi daɗewa. Birki ma yana jimawa saboda lantarki ke fara rage gudu. Abin da ke kashe ta a ƙasarmu zafi ne da ƙura da gyaran ganin dama.

Batirin iska ke sanyaya shi, kuma daga cikin motar yake zuƙo ta, ta wasu ramuka a gindin kujerun gaba, masu filta. A motar haya nan ne fasinja ke cusa jaka da leda, nan ƙurar hunturu ke taruwa. Idan filta ta toshe, fanka tana juyawa amma iska ba ta wucewa, batir ya yi ta aiki cikin zafi, wasu ƙwayoyinsa su riga wasu lalacewa, sai fitilar gargaɗi ta kama, kwamfuta ta nuna lamba P0A80. A Kano, duba filtar nan a kowane canjin baƙin mai, a kaɗe ta ko a hura ta, kada a wanke da ruwa a mayar da danshi. Kuma direban da ke kashe na'urar sanyi a watan Afrilu don tattalin mai yana dafa batir ne, domin iskar da fasinja ke shaƙa ita batirin ke sha.

Baƙin mai 0W-16 aka rubuta mata, wajen lita huɗu da rabi, kuma 0W-20 yana iya tsayawa idan an rasa. Mai kauri irin 20W-50 da ake zuba wa tsofaffin motoci ba nata ba ne. Injin yana mutuwa yana tashi sau da yawa a tafiya ɗaya, kuma kowane tashi yana buƙatar mai ya isa sama nan take ta ƙananan hanyoyi. A canza a kilomita 8,000 ko ƙasa da haka saboda ƙura. Tankin ruwan sanyaya biyu ne, ɗaya na inji, ɗaya na akwatin da ke sarrafa wutar lantarki, dukansu ruwan hoda na Toyota ake zubawa. Ruwan rijiya a na biyun yana cin hanyoyin alminiyam, akwatin ya yi zafi ya ƙone, kuma yana cikin kayan da suka fi tsada a motar. Kwamfireson sanyi na lantarki ne, wutarsa na ratsa cikin mansa, saboda haka mai na musamman ake sa masa, ND-11. Mai gyaran sanyi ya zuba man da ya saba, wuta ta fara zurarewa zuwa jikin mota, kwamfuta ta hana ta tashi gaba ɗaya.

Akwai halayen direbobi uku da dole a hana. Kada a bar mai ya ƙare, domin babban batir ne ke tayar da inji, kuma idan aka yi ta lallaɓa ta da lantarki har ya zube, ba caja ta gari ke ɗaga shi ba. Kada a ajiye giya a N cikin cunkoso, batir ba ya caji a nan. Kada a ja ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa, a ɗora ta a kan motar ɗauka. Ga ɗan rewaya kuma, duk waya mai ruwan lemo tana ɗauke da wutar da ke kisa, batirin kansa bolt 288 ne. Ana kashe mota, a cire ƙaramin batir, a zare fulogin tsaro da safar hannu ta roba mai jure wuta, a jira minti goma kafin a taɓa komai.

Wurin saye, abin tsoro na farko motar da ruwa ya ci. Batir a ƙasa yake, ruwan da ya kai kafet ya kai shi. Ɗaga kafet, duba tsatsa a ƙusoshin kujera, sa hanci, nemi tarihin motar da lambar VIN, wato lambar shasi. A sa kwamfutar gwaji a karanta wutar kowane sashen batir yayin da mota ke tafiya; idan wani sashe yana faɗuwa ƙasa da sauran duk lokacin da aka taka totur, batirin ya fara gajiya. Garantin shekara 10 ko mil 150,000 da Toyota ke bayarwa a kansa na Amurka ne, ba ya biyo mota Apapa. Nemi mai kujera takwas, wadda ake samu a samfurin LE da XLE. Ka sani kujerun tsakiya ba sa cirewa kamar na 'yar 2012 ɗinka, saboda akwai jakar iska a jikinsu, don haka babu maganar cire su a yi lodin kaya. Da yawa kuma ba sa zuwa da safaya, sai ɗan famfo da ruwan liƙi, wanda ba ya maganin tayar da rami ya yaga a hanyar Kaduna. Duba takardar da ke manne a ƙofar direba don nauyin da aka yarda ta ɗauka. Yawanci tsakanin kilo 500 da 700 ne, kuma mutum takwas masu kilo 70 sun riga sun kai 560 kafin a sa akwati ɗaya.

Wata ƙofa da nake sa ran za ta buɗe ita ce China. Tun 2019 ta ba da izinin fitar da motocin hannu, sitiyarinsu na hagu ne irin namu, kuma Sienna da Granvia na can injinsu ɗaya da na Amurka. Noah da Voxy na Japan kuwa sitiyarin dama ne, a bar su.

Shawarata ga aikinka: idan canjin na bana ne ko baɗi, nemi 'yar 2015 ko 2016 mai jan gaba. Injinta 2GR-FE ne, irin na motocinka biyu, mai sarkar taimin, da giya shida da kowane bakanike ya sani, kuma kayansa ba za su yanke nan kusa ba, domin an sa shi a Camry da Avalon da Highlander da Venza da Lexus na shekaru masu yawa. Yana kuma karɓar juyi zuwa gas na CNG cikin sauƙi, tunda nozul ɗinsa a bakin bawul suke, sai dai tukunyar za ta ci wurin kaya. Daga 2017 an koma injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda da giya takwas, wanda ya fi jin gurɓataccen mai kuma juyinsa zuwa gas ya fi wuya. Kauce wa mai jan taya huɗu ta wannan ƙirar, ba ta da safaya. Duba ƙofar zamiya, don kamfanin ya kira wajen 744,000 'yan 2011 zuwa 2016 a Amurka domin gyaran matsalar ƙofar, kuma lambar VIN za ta nuna ko an yi gyaran.

Haibirid ɗin, ka fara da guda ɗaya, ka ba direban da ya fi natsuwa, bayan ka tabbatar akwai mai gyara a Kano ko Abuja da ke da kwamfutar da ke karanta batirin Toyota, ka kuma tambayi farashin batir da na akwatin wuta a kasuwar kayan gyara kafin ka biya kuɗin mota. A rubuta litar kowane zuwa na wata shida, a kwatanta da na 'yar 2012 a kan hanya ɗaya da lodi ɗaya. Kafin nan, 'yar 2008 ɗinka a duba mata bututun mai na VVT-i da ke gefen inji. Na asali yana da guntun roba a tsakiya wanda ke fashewa ya zubar da baƙin mai cikin 'yan mintuna. Idan har yanzu shi ne a jiki, a sa na ƙarfe zalla.